Ciniki ta Intanet da Ramin Jima: Nazarin Wani Kamfanin Fata a Marwa

Kamfanin da wannan nazari ya shafa ƙarami ne, na gida ɗaya, a birnin Marwa, hedikwatar jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Masu shi Hausawa ne dukawa da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma abin da suke ɗinkawa shi ne jakunkuna da takalma da alabe da matasan fata. An sakaya sunan kamfanin da sunayen mutanensa, domin abin da ake bi a nan shi ne sauyin da ya same su tun daga lokacin da suka koma sayar da kayansu ga mutanen Turai ta intanet, da kuma tambayar da ta biyo baya: wane ɓangare na aikinsu ne wannan ciniki ya tilasta musu gyarawa ta fuskar muhalli, wane ɓangare ne kuma ya bari kamar yadda ya same shi?

Marwa ta daɗe da yin suna a aikin fata. Shekaru da dama babban mai sayen kayan dukawanta shi ne baƙo ɗan yawon buɗe ido, wanda yake biyowa ta garin a kan hanyarsa ta zuwa gandun namun daji na Waza ko duwatsun Rumsiki, ya ratsa cibiyar sana'o'in hannu da ke bakin babbar kasuwa, ya yi ciniki, ya zuba kayansa a akwati ya wuce. Irin wannan mai saye ba ya dawowa da ƙorafi, kuma bai taɓa tambayar da me aka jeme fatar ba. Wannan kasuwa ta fara mutuwa a watan Fabrairun 2013, lokacin da 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza, sannan hare-haren ƙunar baƙin wake da aka kai cikin Marwa a watan Yulin 2015 suka ƙarasa ta. Ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su ƙaurace wa yankin, kaya suka yi kwantai a rumfuna, yara masu koyon sana'a da yawa suka watse zuwa acaɓa da ƙananan saye da sayarwa.

A cikin wannan hali ne babban ɗan maigidan, wanda ya yi karatu a Jami'ar Marwa, ya fara ɗora hotunan kayan a Facebook da Instagram, yana karɓar oda ta WhatsApp. Wani ɗan ƙanen maigidan da ke zaune a Faransa ya yi rajistar ƙaramin kasuwanci a can, ya zama shi ne mai karɓar kuɗi da rarraba kaya. Abubuwa biyu sun taimaka musu: yarjejeniyar kasuwanci tsakanin Kamaru da Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2014, tana ba kayan Kamaru damar shiga ba tare da harajin kwastan ba, kuma da yake sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro guda, farashin da aka sa yau ba ya rikicewa kafin kaya su isa. Kasuwar Amurka kuwa ba su sa ta a gaba ba, musamman bayan an cire Kamaru a farkon 2020 daga tsarin AGOA, wanda ya ba kayan wasu ƙasashen Afirka damar shiga Amurka ba haraji.

Darasi na farko ya zo ne daga kwastan, kuma ya zo da asara. A cikin kayan da suka fi jan hankali a hoto akwai alabe da bel na fatar mesa da ta guza, waɗanda a da baƙi suke rububinsu. An aika wani ƙunshi da irin waɗannan a ciki, jami'an kwastan na can suka buɗe, suka riƙe shi gaba ɗaya, suka kuma aika wa ɗan'uwan da ke Faransa takardar neman bayani. Mesa da guza suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare namun dawa da tsirrai, ta taƙaita cinikinsu, Kamaru kuma ta shiga yarjejeniyar tun 1981, don haka fitar da fatarsu na buƙatar takardar izini daga hukumar gandun daji da namun dawa, shigar da ita Turai ma yana buƙatar tasa takardar. Ɗan sassaucin da doka ta yi wa matafiyi a kan kayan da ya ɗauko da kansa bai shafi abin da aka saya ta intanet aka aiko a ƙunshi ba. Bayan sun lissafa wahalar bin takardu a Yawunde a kan kowane kaya, sai suka yanke shawarar cire fatar dabbar dawa daga duk abin da zai ƙetare iyaka. A madadinta, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatansu ya ƙera wani ƙarfe mai zane wanda ake ɗumamawa a danna a kan fatar akuya, ta fito da ƙyalli da tsagi irin na saɓar maciji. Ba wanda ya kira wannan da sunan ƙirƙira a lokacin, amma shi ne sauyi na farko da ya rage wa namun daji nauyi, ko da yake ya kamata a faɗa cewa fatar mesa ba ta ɓace daga rumfunan Marwa ba, daga shafin intanet na wannan gida kawai ta ɓace.

Darasi na biyu ya fi zurfi, kuma a kansa ne mafi yawan wannan nazari ya tsaya. A shekarun da kasuwa ta yi sanyi, kamfanin ya saba da sayen fatar masana'anta wadda ake shigowa da ita daga Najeriya, domin ta fi araha, ta fi laushi, launinta kuma ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Irin wannan fata da gishirin sinadarin kurom ake jeme ta, wanda shi ne hanyar da ake jeme mafi yawan fatun duniya a yau, saboda aikin da bagaruwa take ɗaukar kwanaki tana yi, kurom yana gama shi cikin yini guda. Kurom ɗin da ake jima da shi nau'i na 3 ne, wanda ba shi da wata babbar illa ga mai sa takalmi, sai dai idan ba a kula da aikin ba, ko aka shafa wa fatar man da bai dace ba, ko ta daɗe cikin zafi da rana, wani ɓangarensa yakan rikiɗe ya koma nau'i na 6, wanda yake haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje. Tun daga watan Mayun 2015, dokar sinadarai ta Tarayyar Turai mai suna REACH ta hana sayar da duk kayan fata da ke taɓa jikin mutum idan wannan nau'i ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Duk wanda ya san zafin Marwa a watan Afrilu, ya kuma san cewa a ɗakin kwano ake ajiye fatun nan, ba zai yi mamakin abin da ya biyo baya ba.

Wata mata da ta sayi takalma ta rubuta a bainar jama'a, a ƙarƙashin hoton kayan, cewa sun fesa mata ƙuraje a bayan ƙafa, ta kuma haɗa da hoton ƙafar. A kusan lokaci guda wani mai kanti a Jamus da ya nuna sha'awar sayen kaya da yawa ya nemi a turo masa sakamakon gwaji kafin ya biya ko sisi. Ɗan'uwan da ke Faransa ya kai samfur ɗakin gwaji, sakamako ya nuna cewa fatar da aka yi shafin cikin takalmin da ita ta haura ƙa'ida. A nan ne bambancin tsohon mai saye da sabo ya fito fili: baƙon da ya saya a rumfa ya tafi da ƙorafinsa, amma ƙorafin mai saye ta intanet yana nan a rubuce, duk wanda ya zo bayansa sai ya karanta.

An ba ni labarin zaman da aka yi a zauren gidan bayan sallar isha'i. Ɗan ya shimfiɗa takardar gwajin a gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, in ba mu bar fatar nan ba, shafin nan rufe shi za mu yi." Maigidan ya daɗe yana jujjuya takardar da ba ya iya karantawa, sannan ya ce, "To, kai da ka yi boko, me Turawan suke so?" Ɗan ya ce fatar da ba kurom a cikinta suke so, wadda aka jeme da itace. Sai tsohon ya yi dariya ya ce, "Ashe bagaruwar kakanka suke nema. Gobe ka shirya mu je wajen majema."

Komawa ga bagaruwa bai zo da sauƙin da wannan magana ta nuna ba. Jimar gargajiya tana farawa ne da jiƙa fata, sannan a tsoma ta cikin ruwan toka ko ragowar kabaid na masu walda har gashi ya saki, a kankare, a saka ta cikin ruwan kashin kaji ko na tattabaru domin ta yi laushi, kafin a kai ta ramin da aka jiƙa dakakkiyar bagaruwa, daga baya a shafe ta da man gyaɗa a shanya. Fatar da ta fito daga nan ba ta da kurom, amma tana da wari, kuma warin da hancin mutumin Marwa ya saba da shi har ba ya jinsa, shi ne abu na farko da ke tarbar matar da ta buɗe kwali a ɗakinta a birnin Liyon na Faransa. An dawo musu da jakunkuna saboda wari kawai. Na biyu kuma, fatar bagaruwa tana shan laima, don haka ƙunshin da ya bar busasshiyar iskar Marwa, ya bi mota zuwa Ngaundere, ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya kwana a ɗakin ajiya cikin damina, yakan isa da furfurar fumfuna a jikinsa. Akwai wani sinadari da a da ake saka ƙullinsa cikin kwalayen takalma don hana fumfuna, amma Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2009 bayan ya ƙona fatar mutane da dama, don haka wannan ƙofa ma a rufe take.

Ainihin aikin ƙirƙira ya faru ne a wajen warware waɗannan matsaloli biyu, kuma ya ɗauki fiye da shekara guda ana gwadawa ana zubarwa. Kamfanin ba shi da majemar kansa, don haka ya ƙulla yarjejeniya da wani dattijon majemi cewa zai ware masa ramuka na musamman, a biya shi fiye da farashin kasuwa, shi kuma ya bi tsarin da aka shimfiɗa. Aka daina amfani da kashin tsuntsaye, aka koma ga fatakka, tsiron nan mai farin ruwa da tsofaffin majema suka sani, tare da ɗanyar gwanda, wadda ruwanta ke ɗauke da sinadarin da ke narkar da nama ya tausasa fata. A karon farko an bar fatun sun daɗe a ciki har suka yi rauni suna yagewa a bakin allura. Dattijon ne ya gano gwargwadon lokacin, ba da agogo ba, da babban yatsansa: yakan danna fatar, idan gurbin yatsan ya zauna bai taso ba, ya ce a fitar. Aka ƙara yawan ɗauraya, aka rage man gyaɗa domin shi ne ke yin ɗoyi idan ya kwana biyu, aka gina rumfar shanya mai inuwa wadda iska ke ratsawa, saboda rana kai tsaye tana ƙona fatar bagaruwa ta sa ta yi duhu. Aka kuma lura cewa baƙaƙen tabon da ke ɓata wasu fatu daga tsofaffin gangunan ƙarfe suke fitowa, domin ƙarfe in ya haɗu da ruwan bagaruwa baƙi yake bayarwa, wanda shi ne ma sirrin kuloko da dukawa ke baƙanta fata da shi. Aka sauya gangunan da manyan tukwanen ƙasa da robobi.

A wajen rini ma haka aka yi. Garin rini na kanti da ake saya a ƙulle ba a san abin da ke cikinsa ba, alhali dokar Turai ta hana wasu nau'o'insa da ke sakin sinadarai masu haddasa sankara. Maimakon biyan kuɗin gwaji a kan kowane launi, sai suka taƙaita kayan ƙetare ga launi uku da suka san asalinsu: ja na karan dafi, baƙi na kuloko, da launin fatar kanta. Ɗan ya ce da farko ya ji tsoron kada ƙarancin launi ya kori masu saye, amma sai ya zamana bidiyon da ya ɗauka na yadda ake jiƙa karan dafi da kanwa ja ya fito, shi ne abin da aka fi kallo a shafin.

Batun ƙunshi bai ɗauki dogon lokaci ba. Kamaru ta haramta leda marar kauri tun 2014, ko da yake duk mai shiga kasuwa ya san inda haramcin ya tsaya. Abin da dokar gida ba ta iya ba, dokokin Faransa da Jamus, waɗanda suka ɗora wa mai sayarwa alhakin kuɗin kwashe abin da ya naɗe kaya da shi, sun yi shi cikin 'yan watanni: kamfanin ya koma jakar auduga da telolin unguwa ke ɗinkawa da kwali da ƙullin silika mai tsotse laima. Ya kuma goge wasu kalmomin yabon kai daga takardar jikin kaya, domin dokar Faransa ta 2020 kan yaƙi da almubazzaranci ta hana rubuta wa kaya cewa suna ruɓewa da kansu ko kuma ba sa cutar da muhalli.

Idan aka jera waɗannan sauye-sauye za a ga abu ɗaya ya haɗa su: kowannensu ya shafi abin da ke shiga cikin kwali, wato abin da jami'in kwastan zai iya buɗewa, ko ɗakin gwaji ya auna, ko mai saye ya shinshina. Michael Porter, masanin harkar kasuwanci ɗan Amurka, ya yi fice tun 1991 da ra'ayin cewa tsauraran ƙa'idojin muhalli suna iya tura kamfani ga ƙirƙirar da za ta amfane shi, kuma abin da ya faru a wannan gida bai saɓa masa ba, domin kayan da suke aikawa yanzu sun fi na da daraja da tsada. Sai dai ƙa'idar ta bi kaya ne, ba ta bi wurin da aka yi kayan ba.

Na je majemar a ƙarshen rani. Ramukan da aka ware wa kamfanin suna gefe, an kewaye su da zana, sun fi sauran tsabta. Amma ruwan da ake kwarfewa daga cikinsu, mai toka da gashi da guntayen nama da dusar bagaruwa, a ƙasa ake zubar da shi kamar na kowa, ya bi ɗan kwari ya taru ya yi baƙi, ƙudaje na bi. Ƙarin ɗaurayar da aka yi domin kawar da wari ma ta ƙara yawan ruwan da ake zubarwa. Da ruwan sama ya sauka, duk wannan cikin mayo, wato kogi, yake gangarawa, kuma mutanen da suka san Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga sun san cewa da rani a cikin yashinsu ake tona ramuka ana ɗibar ruwa. Yaran da ke tsoma hannu cikin ruwan kabaid ba su da safar hannu, tafukansu duk sun tsattsage. Na tambayi ɗan maigidan ko wani mai saye ya taɓa tambayarsa inda ruwan jima yake zuwa, ya yi shiru kaɗan ya ce, "Malam, ko mutum ɗaya." Kamaru tana da dokar kula da muhalli tun 1996, amma ƙaramar majema irin wannan ba kasafai idon hukuma ke kaiwa gare ta ba. Hatta dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka, wadda ita ce ta yi yunƙurin leƙa bayan kaya ta ga ƙasar da suka fito, fatar shanu ta ambata a yadda aka zartar da ita, ba ta haɗa da ta awaki da tumaki ba, ba ta kuma haɗa da jaka ko takalmin da aka riga aka ɗinka ba.

Akwai wani abu kuma da maigidan bai ɓoye ba. Fatar masana'anta ba ta bar shagon ba. Ana ɗinka kaya iri biyu ne a rumfa ɗaya: na bagaruwa domin kwali, na kurom da garin rini domin kasuwar Marwa da Garwa da Kusiri da Njamena, inda mai saye ke taya kaya da rabin kuɗi, ba ya kuma neman takarda. A ganina wannan shi ne mafi nauyin abin da nazarin ya gano, domin yana nuna cewa kasuwar intanet ba ta ɗaga kamfanin gaba ɗayansa ba, ta tsaga shi biyu ne, ƙafar Bature ta sami kariyar da ƙafar ɗan gida ba ta samu ba. Sannan ga jigila: ƙananan ƙunsuna a jirgin sama suke tafiya, wanda hayaƙin da yake fitarwa a kan kowane kilo ya ninka na jirgin ruwa sau da yawa, kuma kowace jaka da aka dawo da ita saboda wari ta yi tafiyar banza.

Wuri ɗaya da tasirin ya ɗan ratsa zuwa ƙasa shi ne wajen bagaruwar kanta. Da yake fatar ƙetare tana bukatar busassun 'ya'ya masu tsabta waɗanda ba su ruɓe ba, kamfanin yana biyan matan ƙauye da ke tsinto su kuɗi mai ɗan kauri, har wasu magidanta suka fara hana masu gawayi sare bagaruwar da ke gonakinsu. A yankin da hamada ke matsowa, har gwamnati ta farfaɗo da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a 2008, itacen da aka bari a tsaye saboda 'ya'yansa na kawo kuɗi ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake sayayyar gida ɗaya ba za ta tsare daji ba.

Da yawa daga cikin binciken da ake yi kan wannan batu a duniya ya karkata ne ga manyan kamfanonin Sin, inda gwamnati ta fara keɓe yankunan gwajin cinikin intanet na ƙetare daga birnin Hangzhou a 2015, kuma masu binciken sukan auna ƙirƙira ne da yawan takardun mallakar fasaha da kamfani ya yi wa rajista. Da wannan ma'auni za a auna kamfanin Marwa, sifili zai samu, domin bai taɓa kai komai ofishin OAPI, hukumar rajistar mallakar fasaha da ke Yawunde ba, kuma yatsan dattijon majemi ba abin da ake yi wa rajista ba ne.

Game da ruwan jima, abin da ya motsa a ƙarshe daga unguwa ya fito. Makwabtan majemar sun kai kuka wajen jauro, wato mai unguwa, cewa wari da sauro sun hana su zama a ƙofar gida, shi kuma ya tara majema ya ba su wa'adi. Ɗan maigidan ya kawo shawarar a tona ramuka biyu a jere, ruwa ya kwanta a na farko datti ya zauna, ya tsallaka na biyu ta cikin tsakuwa da yashi da gawayi kafin ya fita. Kamfanin ya ɗauki nauyin siminti, majema suka yi aikin tono. An gama rami na farko kafin azumi. Na biyun ya tsaya a rabi, saboda har yanzu ba a daidaita kan wanda zai riƙa kwashe laka da kuma inda za a kai ta ba, kuma a ranar da na baro wurin hadari ya riga ya fara haɗuwa ta gabas.